Tarihin Fentin Inji: Daga Masana'antun Turawa zuwa Bakin Hanyar Mashegu

Duk matafiyin da ya taso daga Mokwa ya nufi Kontagora zai ratsa ƙasar Mashegu, kuma da wuya ya wuce Makera bai ga manyan motoci jere a bakin hanya ba, wasu direbobinsu na cin abinci, wasu kuwa an ɗaga kansu ana duba cikinsu. A can na taɓa zama rabin yini a inuwar wani gareji, ina kallon yadda ake shirya injin babbar mota da aka sauke aka yi wa gyara gaba ɗaya. An ɗora gangar jikin injin a kan tsohuwar taya. Wani yaro ya durƙusa da buroshin waya da gwangwanin kananzir, yana bin kowane lungu yana fitar da baƙin mai da ƙurar da suka shekara suna daskarewa. Da ya ga ƙarfen ya yi haske sai ya ɗaga kai ya ce, "Oga, na gama." Dattijon bakaniken ya zo ya shafa farin tsumma a bayan injin, ya nuna masa tabon maiƙo, ya ce, "Yaro, fenti ba ya zama a kan ƙarya. Sake wankewa." Sau uku aka wanke injin nan kafin a ɗauko bindigar feshi.

Wannan ɗan aikin na bakin hanya yana da tarihi mai tsawo, wanda ya haɗa fataken da, da masana'antun Amurka, da faɗuwar darajar naira, da lafiyar huhun yaranmu.

Hanyar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora a 1864, a ƙasar da ayarin fatake ke ratsawa da jakuna da 'yan dako tsakanin ƙasar Hausa da Nupe da ƙasar Yarbawa. Sojojin Turawa sun ci garin a farkon 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Bayan shekara goma jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, aka kuma kammala gadar Jebba a kan Kwara ba da daɗewa ba. Amma layin dogo ya bi ta Mokwa da Zungeru da Minna ne, ya bar Kontagora da ƙauyukanta a gefe. Wannan ne ya sa gyaɗa da kaɗanya da hatsin wannan yanki suka dogara ga mota tun da wuri. Inda jirgi bai je ba, lori ce ta je. Inda lori ta je kuwa, dole bakanike ya bi ta, mai walda ya bi bakanike, mai fenti ya biyo bayansu. Aikin madatsar ruwan Kainji, wanda aka yi daga 1964 zuwa 1968, ya ƙara kawo manyan injuna da ma'aikatansu kusa da ɓangaren Zugurma, samarin yankin suka ga irin ƙarafan da iyayensu ba su taɓa gani ba.

Kafin gwangwanin fenti ya zo, mutanenmu sun san cewa abin da ba a shafe ba, ba ya daɗewa. Magina suna dafa ɓawon 'ya'yan ɗorawa su yi makuba, su shafe katanga da soro don kada damina ta zaizaye su. Maƙeri yana shafa wa sabuwar fartanya ko wuƙa mai tun tana da ɗumi, ta yi baƙi, tsatsa ta yi jinkirin kama ta. Dukawa suna rina fata su shafe ta. A duk waɗannan sana'o'i kariya ce kan gaba, ado yana biye. Da mota ta zo, wannan tunanin ne ya karɓe ta, domin shi ma fentin inji asalinsa makuba ce ta ƙarfe.

A Turai da Amurka, motocin farko an yi musu fenti ne kamar yadda ake yi wa keken doki. Mai aiki zai shafa da buroshi, ya jira ya bushe, ya goge, ya sake shafawa, shafi bisa shafi, har a kwashe makonni a kan mota ɗaya. Da Henry Ford ya kafa layin haɗa motoci a Highland Park a 1913, sai ya zama ana harhaɗa mota cikin sa'o'i amma fenti yana riƙe ta. Daga 1914 zuwa 1925 motarsa Model T ta koma baƙa zalla, ana shafa wa ƙarafanta wani baƙin fenti mai kwalta a ciki, a gasa a tanda. Yana da arha, yana da ƙarko, yana tafiya da saurin masana'anta.

Abubuwa biyu suka sauya wannan hali. Na farko ya fito daga ɗakin likita. Dakta Allen DeVilbiss na garin Toledo ya ƙera wata 'yar na'ura ta fesa magani a maƙogwaron marasa lafiya, sai ɗansa Thomas ya mayar da dabarar ta zama bindigar feshin fenti a 1907. Bindigar da ke hannun mai fenti a Kontagora yau, wadda kwamfireso ke hura wa iska, jikanyar waccan ce. Na biyu shi ne fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ke bushewa cikin sa'o'i da zarar ruwan da aka tsinka shi da shi ya tashi. Kamfanin General Motors ya fara fito da shi a motar Oakland ta 1924, mai launin shuɗi. Jama'a suka ga ashe mota mai arha za ta iya zama shuɗiya ko koriya ko ja, har Ford da kansa ya saki baƙi ya dawo da launuka. Daga nan sauyi ya yi ta zuwa: fenti mai maiƙo da ake gasawa a shekarun 1930, na roba-roba mai sheƙi a shekarun 1950, dabarar tsoma gangar mota cikin tafkin fenti a ja shi da lantarki a shekarun 1960, sai kuma launi a ƙasa da shafin ƙyalli a sama wanda ya mamaye duniya a shekarun 1980.

Shi inji ma bai fita daga masana'anta tsirara ba. Gangar jikinsa da kansa na narkakken baƙin ƙarfe ne da aka zuba a yashi, kuma irin wannan ƙarfe kwana kaɗan yake yi a iska mai laima ya yi ja da tsatsa. Don haka ake fesa shi tun yana sabo. Akwai kuma dalili na biyu wanda kowane tsohon bakanike ya sani: a kan inji mai tsabta mai launi ɗaya, ɗigon baƙin mai ko sawun ruwan lagireto yana bayyana nan take, a gano gasket ɗin da ya fara yoyo tun bai kashe inji ba. A hankali kamfanoni suka mayar da launin inji tamkar tsagen fuska, wanda ake gane asalin mutum da shi. Chevrolet ta shahara da ruwan lemo, Ford da shuɗi, Perkins da nasa shuɗin, Detroit Diesel da kore. Kamfanin Caterpillar, wanda sunansa ya zama "katafila" a bakinmu, ya bar ruwan toka ya koma ruwan ɗorawa a 1931 don a riƙa hango injunansa daga nesa a wurin aikin hanya. A Italiya, Ferrari ta fesa wa murafun kan injin wata motar tserenta ja a 1957, motar ta ci sunan Testa Rossa, wato mai jan kai.

Launin injin da mutanen ƙauyukanmu suka fi sani kuwa, koren injin niƙa ne. Kamfanin Lister na garin Dursley a Ingila ya fito da injin gas mai tafiya a hankali, mai manyan ƙafafun juyi, wajen 1930, kuma ya fesa shi kore mai duhu. Daga baya masana'antun Indiya, musamman na garin Rajkot, suka riƙa ƙera irinsa, suka kwaikwayi siffar har da launin. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙarar nan da ke tashi da hantsi, mata na jere da kwanukan dawa da masara. Mai injin da ke ji da kayansa, idan kaka ta wuce aka ɗan samu sarari, zai wanke shi ya sake masa kore, domin a idon jama'a injin niƙa mai kyau kore ne.

A ɓangaren lori, fenti ya sami gida biyu. Kamfanoni suna kawo kan mota da inji da ƙashin bayanta, kafintocin gida su gina bodin katako. A 1959 aka fara harhaɗa motocin Bedford a Apapa, kuma a shekarar ce aka kafa kamfanin da ya zama Berger Paints a Legas. Bayansu Marsandi 911 ta zo, wadda direbobi ke kira Roka, ta zama sarauniyar wannan hanya. Katakon bodinta yana buƙatar fenti don kada ruwa da gara su ci shi, sai masu zane suka mayar da buƙata ta zama gwaninta: zaki da mikiya, ɗawisu, hoton masallaci, 'yan dambe, da rubutun addu'a ko karin magana a goshi da bayan mota. Mai mota yana gane tasa daga nesa, 'yan kamasho ma da rubutun suke kiranta. A ƙarƙashin wannan ado kuma inji yana nan da launinsa na asali, wanda bakanike ke mayar masa duk lokacin da aka sauke shi aka sa sabon ringi da fistan.

Shekarun 1970 sun zo da kuɗin man fetur da burin ƙera mota a gida. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara fitar da motoci a 1975, aka kafa na Volkswagen a Legas, na Steyr a Bauchi, na Leyland a Ibadan, na Marsandi a Enugu, na manyan motocin Fiat a Kano.  A waɗannan masana'antu ne 'yan ƙasa da yawa suka fara ganin ɗakin feshi rufaffe mai tace iska, da tandar gasa fenti, da tsarin shafin fari kafin launi. Waɗanda suka bar aiki daga baya sun buɗe garejinsu, suka koya wa yara, yaran suka bazu garuruwa. Ilimin da ke hannun mai fentin bakin hanya a yau, wani kasonsa daga can ya gangaro, hannu zuwa hannu, ba tare da littafi ba.

Sai 1986 ta zo, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Masana'antun harhaɗawa suka yi ta ja da baya. Ƙasa ta koma ga motoci da injunan da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Kasuwanni irin su Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama jijiyar sufuri, kuma gaskiya ita ce ba don su ba da motocin Arewa da yawa sun daɗe da tsayawa. Amma a wannan zamanin ne fentin inji ya sami wani aiki na uku wanda ba a yi shi dominsa ba. Tun 1949 wani Ba'amurke mai suna Edward Seymour ya sa fenti a gwangwani mai feshi da kansa, kuma launin farko da ya zuba ruwan azurfa ne. Gwangwanin ya sauƙaƙa wa mai gaskiya aiki, ya kuma sauƙaƙa wa maha'inci. Injin da ya gaji a hanyoyinmu sai a wanke shi sama-sama, a fesa masa ruwan azurfa, a jera shi cikin waɗanda suka sauka daga jirgin ruwa.

Na ɗanɗana wannan da kaina. Na taɓa sayen inji don wata tsohuwar motar gidanmu daga hannun wani mai sayarwa, yana ƙyalli kamar sabon kwano. Ba mu yi wata guda ba ruwa ya fara haɗuwa da mai. Da aka buɗe, sai ga tsaga a kan silinda an cike ta da gam an bi ta da fenti. Bakaniken da ya duba ya nuna mini abin da ya kamata in lura da shi tun farko: fentin ya hau kan notuna da bakin gasket da wayoyi, har da kan dattin da ba a wanke ba. Masana'anta ba ta fesa inji a kan datti. Kuɗin sun ƙona mini rai, amma abin da ya fi damuna shi ne yadda aka ɗauki sana'ar da aka ƙirƙira don ta tona yoyo aka mayar da ita mayafin rufe shi. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. A inji, zafi ne ke ƙure shi.

Zafin nan shi ne alƙalin wannan sana'a, kuma shi ke amsa tambayar da matasa masu son kwalliyar mota ke yawan yi, ko za a iya fesa wa inji fentin jikin mota. Amsar ta danganta da wurin. Ruwan da ke zagaya inji yana aiki ne a kusa da digiri 90 na ma'aunin Salshiyas, don haka murfin sama, da mazaunin matatar iska, da ƙarafan da ke riƙe kaya, ba sa wuce abin da fentin mota mai kyau zai jure, musamman mai haɗi biyu wanda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa. Irin wannan ya ma fi fentin gwangwani na gama-gari jure fetur da baƙin mai. Ga gangar inji da kansa, an fi amincewa da fentin da aka yi domin inji, wanda yawanci ke jure har wajen digiri 260. Amma bututun da hayaƙi ke fita ta cikinsa daga kan silinda zuwa salansa wata duniya ce daban, domin yana haura digiri 500 idan mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Fentin jiki a nan ƙonewa yake ya yi ɓawo ya zube. Sai fenti na musamman mai jure wuta, shi ma ba ya kama ƙarfe sosai sai an gasa shi sannu-sannu, a tayar da inji ya yi ɗumi a kashe, a sake, kafin a hau hanya.

Mafi yawan aikin kuma yana gaban feshi ne. A wanke maiƙo har farin tsumma ya fito fari. A kankare tsatsa, a goge da samfefa don fenti ya sami abin kamawa. Idan ƙarfen alminiyom ne, irin na injunan zamani da na babura, sai an sa masa shafin fari mai cizon ƙarfe, in ba haka ba fentin zai salube kamar fatar maciji. A rufe duk inda gasket zai zauna, da ramukan notuna da na filogi, da kwarin da bel ke bi, da inda wayar batir ke haɗuwa da jikin inji, domin fenti a nan yana hana wuta wucewa. A rufe lambar inji, wadda 'yan sanda da jami'an kwastan ke dubawa. Sannan a fesa siriri-siriri, shafi biyu ko uku, ba a lafta ba. A lagireto da haƙarƙarin injin babur, fenti mai kauri riƙe zafi yake. Man burki kuwa maƙiyin kowane fenti ne, ɗigo ɗaya idan ya kwana sai ya tayar da shi.

Mai fentin wannan yanki yana da abokan gaba biyu da takardar jikin gwangwani ba ta san da su ba. Da hunturu ƙura ce, shi ya sa za ka ga an yayyafa ruwa a ƙasa, an yi sammako an fesa kafin iska ta tashi da manyan motoci su fara tayar da turɓaya. Da damina kuwa, a ƙasa mai yawan ruwa kamar ta Neja, laima ce ke shiga fenti mai saurin bushewa ya yi fari-fari kamar hazo, sai a jira rana ta take. Wannan sani ba daga Detroit ya zo ba, a nan aka haife shi.

Akwai wani ɓangaren tarihin da ba ya barina in yi shiru. Fentin zamani ya fi na da ƙarko, amma sinadarin ƙarfafawar da ake zuba masa yana illa ga huhu, yana jawo ciwon asma wanda ba ya barin mutum ko ya bar sana'ar. Tina da ake tsinka fenti da ita tana shiga jiki ta numfashi da ta fata. Ga shi yaranmu suna feshi da tsumma ɗaure a hanci, suna wanke hannu da tina ko fetur kafin su ci abinci. Madarar da wasu ke sha bayan aiki ba ta wanke huhu. Wasu fentocin, musamman ja da ruwan ɗorawa na da, suna ɗauke da dalma, kuma goge su a bushe yana tayar da ƙurarta. Mutanen Jihar Neja sun san dafin dalma: a 2015 ta kashe yara 28 a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Rafi, bayan irin wannan ya faru a Zamfara a 2010. Waccan dalmar daga haƙar zinariya ta fito, amma dafin iri ɗaya ne, kuma ƙananan yara ya fi kamawa. Takunkumi mai matatar gawayi, da safar hannu, da gogewa da ruwa maimakon a bushe, da nisanta yara daga wurin feshi, duk ba su kai kuɗin jinya ba. Ƙungiyoyin kanikawa da masu fenti, waɗanda ke da ikon hukunta ɗansu idan ya ci amanar mai mota, suna da ikon wajabta wannan ma.

Yau injunan ƙananan motoci suna zuwa da alminiyom tsirara da murfin roba, kamar zamanin fentin inji ya wuce. Amma a hanyar Mokwa zuwa Kontagora baƙin ƙarfe ne har yanzu ke ɗaukar shanu da hatsi da man fetur, a injin tirela da tifa, da na tarakta, da na ban ruwa, da na niƙa. Muddin ana sauke su ana gyarawa, za a ci gaba da fesa su.

A garejin nan na Makera, la'asar ta yi kafin a gama. Dattijon ya karɓi bindigar da kansa, ya gwada a jikin kwali, sannan ya bi injin da shafi na farko, siriri har ana hango ƙarfen ta cikinsa. Ya jira, ya ƙara, ya sake jira. Da ya kammala sai ya ɓare takardar da ya manna a kan lambar inji, lambobin suka fito tsaf. Mai motar ya tambaye shi dalilin zaɓar launi mai haske a wurin da ba mai gani. Ya ce masa, "Alhaji, don in ya yi yoyo ka gani, ka dawo mini da shi." Yaron da ya wanke injin sau uku yana tsaye a gefe da gwangwanin kananzir a hannu, yana saurare.